Yaushe Aka Yi Wannan Waƙar? Ɗanmaraya Jos da Malamin Hausa

Wata shekara ina zagayen duba ɗalibanmu da suka fita koyarwar gwaji, sai na shiga wani aji a wata ƙaramar sakandare, na tarar da ɗalibina yana koyar da waƙar baka. Ya zaɓi ɗaya daga cikin waƙoƙin Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, ya juye ta a kan allo da kyakkyawan rubutu, ya fitar da turkenta, ya nuna wuraren da aka yi habaici da zambo, har ya kunna wa yara ita a wayarsa. Darasi ya tafi daidai, sai can wajen ƙarshe wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yaushe aka yi wannan waƙar?" Malam ya yi jim, sannan ya ce, "Tun da daɗewa." Aka kaɗa ƙararrawa, aka tashi.

Ban rage masa maki ba, domin laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Mu da muka koyar da shi haka muka miƙa masa waƙoƙin, a rubuce a takarda, babu shekara, babu wurin da aka naɗe su, babu bayanin ko a gaban taro aka rera su ko a ɗakin ɗaukar murya. Alhali kuwa Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya sanya salsalar waƙa da lokacin da aka haife ta cikin abubuwan da manazarci zai fara dubawa kafin ya taɓo turke da salo. Wannan mataki shi ne muka fi tsallakewa, saboda ya fi sauran wahala, kuma ba a cika tambayarsa a jarrabawa ba. Ra'ayina shi ne, duk malamin da ya kai waƙar Ɗanmaraya aji ba tare da ya nemi sanin lokacin da aka naɗe ta da hanyar da ta bi ta iso hannunsa ba, to, rabin darasi ya koyar. Mutumin nan ya shafe kimanin shekara hamsin yana waƙa. Idan muka zuba waƙoƙinsa a ƙwarya ɗaya kamar a rana ɗaya ya yi su, mun shafe tarihin rayuwarsa, mun kuma shafe tarihin ƙasar da ya yi wa waƙar.

Maraicin da aka fi sani

An haifi Adamu Wayya a garin Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma ya rasu jim kaɗan bayan haihuwar yaron. Ba a daɗe ba mahaifiyarsa ma ta rasu tun yana jariri, sai Sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan laƙabin Ɗanmaraya ya samo asali, har ya danne sunan yanka. Tun yana yaro ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri, inda ya ga masu kiɗan kuntigi, abin ya ba shi sha'awa, ya haɗa nasa, bai kuma rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Wannan labari gaskiya ne, kuma kowane ɗalibin Hausa ya haddace shi. Matsalar ita ce yadda muka mai da shi mabuɗin da yake buɗe kowace ƙofa. Ka tambayi ɗalibi dalilin da ya sa Ɗanmaraya ya yi wa talaka waƙa, sai ya ce saboda shi maraya ne. Ka tambaye shi dalilin da ya sa ya yi waƙar auren dole, sai ya sake cewa saboda shi maraya ne. To, marayu nawa ne suka zama makaɗa a ƙasar Hausa, kuma nawa ne daga cikinsu suka ɗauki wannan hanya? Maraici ya ba shi tausayi, ban musa ba. Amma akwai wani ɓangare na labarin da ya fi bayyana mana irin waƙar da ya yi, wato cewa ɗan makaɗin fada ne, kuma a gidan sarauta ya tashi. Ke nan ya buɗi ido ya ga yadda ake wasa sarki, yadda ake jero kirari, yadda ake ɗaukaka mutum har ya ji kansa ya taɓo sama. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki waɗannan kayan aiki na fada ya kai su tashar mota.

Waƙar da ta fara fito da shi, kuma har yau tana cikin waɗanda aka fi saninsa da su, ita ce "Waƙar Karen Mota". Mai karatu na yau ƙila bai san nauyin wannan zaɓi ba. Karen mota shi ne yaron direba, mai lodi da sauke kaya, mai kwance taya idan ta yi faci, mai tura mota idan ta ƙi tashi, mai dirowa da gudu ya tokare ƙafar mota idan ta tsaya a kan gangare. Sunan da ake kiransa da shi ma ya isa ya nuna matsayinsa a idon jama'a. A lokacin da Ibrahim Narambaɗa ya yi suna da wasa Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi kuma yake Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, wani saurayi ya zo ya ce shi gwarzonsa karen mota ne. Makaɗan sana'a sun daɗe a ƙasar Hausa, akwai na manoma da na mahauta da na maƙera, Ɗan'anace kuma ya yi wa 'yan dambe. Sai dai waɗannan sana'o'i ne na gado masu sarautunsu da kiɗansu. Karen mota ba shi da gado, ba shi da sarauta, zamani ne ya haife shi.

A nan ne garin da ya tashi yake shigowa. Bukuru da Jos garuruwan kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a wannan yanki, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, wani layin kuma ya iso daga kudu a 1927. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an tilasta wa dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin haƙar kuza, shekara biyu kacal kafin a haifi Adamu. Bahaushen Bukuru baƙo ne ko ɗan baƙo, yana zaune da Birom da Ibo da Yarabawa da sauran ƙabilu, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da bariki. Irin wannan gari ba ya tambayar asalin mutum kamar yadda Kano ko Katsina za su tambaya, abin da yake tambaya shi ne aikin da mutum yake yi da abin da yake samu a ƙarshen mako. Lebura da direba da mai akwai da mai babu, waɗanda suka cika waƙoƙin Ɗanmaraya, su ne mutanen da ya gani a ƙofar gida. Har ila yau, Hausarsa mai sauƙi ce, wadda wanda ya koyi harshen a kasuwa zai fahimta ba tare da an yi masa fashin baƙi ba. Wanda ya gwada ta da Sakkwatancin Narambaɗa zai ga bambancin nan take. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin rauni. Ni kuwa ina ganin mutum ne da ya san masu sauraronsa.

Kuntigi, rediyo da faifai

Kuntigi ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Gwangwanin kifi ake samu a rufe shi da fatar akuya, a soka masa sanda, a ɗaura tsirkiya. Yaron da ba shi da ko sisi zai iya haɗa shi, kuma zai shiga aljihun babbar riga. Wannan ƙanƙanta tasa ita ce ta ba Ɗanmaraya 'yancin da manyan makaɗa ba su da shi. Mamman Shata yana tafe da makaɗan kalangu da 'yan amshi da maroƙa, Musa Ɗanƙwairo yana tafe da 'yan kotso. Duk mai irin wannan ayari dole ya nemi inda za a ba da abin da zai ciyar da su, wato ƙofar sarki ko ta attajiri. Ɗanmaraya shi ne mai ƙulla waƙa, shi ne mai rerawa, shi ne mai kiɗa. Ba ya jiran kowa, ba ya raba samu da kowa. Kusan irin haka Haruna Uji ya kasance da gurminsa.

Rashin 'yan amshi ya shafi ginin waƙar kanta, kuma wannan abu ne da ba a iya gani a rubutacciyar takarda. Inda 'yan amshi za su karɓa su ba makaɗi damar numfasawa da tunanin ɗan waƙa na gaba, a wajen Ɗanmaraya kuntigi ne yake karɓa. Inda ake buƙatar murya ta biyu, shi ne yake sauya tasa, ya zama miji, ya zama mata, ya zama mai kai gulma tsakaninsu. Waƙoƙinsa na zaman aure, irin su "Jawabin Aure" da "Gulma Wuya", sun fi kusa da ɗan gajeren wasan kwaikwayo na mutum ɗaya. Malamin da ya juye su a allo bai bari yara sun ji su ba, ya zubar da abin da ya sa jama'a suka so su.

To, ta yaya muryar mutum ɗaya mai ɗan gwangwani ta kai Sakkwato da Damagaram da Kumasi? Ta rediyo da faifai. A 1962 aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, mallakar Gwamnatin Jihar Arewa, daidai lokacin da Adamu yake ɗan shekara 16. Wannan gida, wanda aka mayar ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, ya naɗi makaɗan Hausa masu yawa, ya kuma watsa su a gajeren zango har ƙetaren Nijeriya. Kamfanonin faifai, musamman EMI, su ma sun buga fayafayen makaɗan Hausa, har da na Ɗanmaraya. Kafin zuwan waɗannan kafofi, makaɗin da ba shi da ubangida iyakarsa kasuwa da dandali. Da zuwansu sai ya zamana yana iya samun masu sauraro miliyoyi ba tare da ya durƙusa a fada ba. Saboda haka nake cewa tarihin Ɗanmaraya da tarihin naɗar sauti a Arewa ba sa rabuwa.

Kowace irin na'ura kuma tana da sharaɗin da take gindaya wa makaɗi. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska. Ƙaramin faifai mai juyi 45 ya ɗara haka kaɗan. Babban faifai mai juyi 33 yana ɗaukar kimanin minti ashirin a fuska ɗaya. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma ya bazu a kasuwanninmu daga shekarun 1970, yana ɗaukar minti 60 ko 90. Makaɗin da ya saba kwana yana waƙa a gidan biki, idan aka ce ya taƙaita a minti uku, dole ya zubar da ɗiya masu yawa. Mai gajerun waƙoƙi masu labari ɗaya, irin Ɗanmaraya, shi faifai bai takura masa sosai ba. Abin lura ga ɗalibi shi ne, idan ya ƙirga ɗiyan wata waƙa ya rubuta cewa tana da ɗiya kaza, to, ya sani cewa ɗiyan wannan naɗin ya ƙirga. Makaɗin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Wadda aka naɗa a ɗakin rediyo daban, wadda aka naɗa a gaban taro ana liƙi ana ambaton sunayen mahalarta daban.

Kaset ya yi mana rana, ya kuma yi mana ɓarna. Shi ya kai waƙoƙin nan kowane ƙauye da kowace motar haya. Amma mai sayar da kaset a kasuwa yakan kwafo daga faifai ko daga rediyo, ya haɗa waƙar wannan shekara da ta shekara goma baya a kaset ɗaya, ya rubuta sunan makaɗi da biro, shi ke nan. Idan zare ya kusa ƙarewa sai ya datse waƙa a tsakiya. Daga kaset aka juye zuwa faifan CD, daga nan zuwa katin waya da intanet, kuma a kowane mataki ana ƙara yar da bayani. Bangon faifan asali, wanda aƙalla yake ɗauke da sunan kamfani da lambar faifai, wani lokaci har da shekara, shi ne abu na farko da ya ɓace. Batun haƙƙin makaɗi kuwa, duk da dokar haƙƙin mallaka ta 1988 da wadda ta maye gurbinta a 2023, kowa ya san yadda ake kwafar waƙoƙin nan ba tare da ko kwabo ya isa ga mai su ko magadansa ba. Wannan magana ce ta wata rana.

Abin da rashin shekara yake jawowa

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa? Waƙa ta yi daɗi, ta yi nasiha, yara sun fahimta, sanin shekara aikin malamin tarihi ne. Bari in kawo misali ɗaya. A lokacin Yaƙin Basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, Ɗanmaraya ya yi waƙoƙi da dama na yabon sojojin tarayya da ƙarfafa musu gwiwa, yana siffanta abubuwan da suke faruwa a fagen fama. Yana ɗan shekara 21 aka fara yaƙin. Waƙoƙi ne na ɓangare ɗaya, a lokacin da jini yake zuba, kuma haka waƙar yaƙi take a ko'ina cikin duniya. Yanzu ɗauki malamin da aka tura wata makaranta a Jos ko Kaduna ko Sabon Garin Kano, a ajinsa akwai yaran da kakanninsu suke ɗaya ɓangaren a wancan yaƙi, sun zo koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Idan ya kunna irin wannan waƙa ya ce an yi ta "tun da daɗewa", me yaron nan zai ɗauka? Zai ɗauka ra'ayin Hausawa ke nan game da mutanensa, jiya da yau. Idan kuwa malam ya ce an yi ta ana tsakiyar yaƙi, mai waƙar yana saurayi, kuma wannan mutumin ya ci gaba da zama a Jos cikin ƙabilu daban-daban har ƙarshen rayuwarsa yana waƙoƙin zaman tare, to, darasin ya zama wani abu dabam. A garin da ya ga rikicin Satumbar 2001 da waɗanda suka biyo baya, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sanin lokaci yana kuma hana mu yi wa makaɗi ƙarya ta hanyar yabo. Mun saba cewa Ɗanmaraya mawaƙin talakawa ne wanda ba shi da ubangida. A farkon al'amarinsa haka ne. Amma mutumin da ya kai ga samun lambar girma ta ƙasa da digirin girmamawa na Jami'ar Jos, wanda ake gayyata tarukan gwamnati, ba a matsayin yaron tasha yake ba kuma. Rediyon da ya 'yantar da shi daga fada na gwamnati ne, kamfanin faifai kuma ɗan kasuwa ne mai neman abin da zai sayu. Ashe ke nan ubangida bai ɓace ba, kama ya sauya. Faɗin haka ba rage masa daraja ba ne. Tambaya mai amfani ga ɗalibi ita ce, da ya samu ɗaukaka, me ya riƙe daga cikin turakunsa na farko, me ya sassauta? Ba mai iya amsa wannan sai wanda ya jera waƙoƙin bisa tsarin lokacinsu.

Akwai kuma masu cewa ai waƙar baka ba ta da ranar haihuwa, tun da kullum sabunta ta ake yi. Na yarda da rabin maganar. Waƙar da take bakin makaɗi tana iya yin shekara talatin tana sauya kama. Amma naɗin da yake hannunka rana ɗaya aka yi shi, a wuri ɗaya, a gaban wasu mutane. Shi ne kake nazari, shi kuma ake nema ka ba da bayaninsa.

Aikin ba shi da wuyar da ake zato. Waƙa takan faɗi shekarunta da bakinta ga wanda ya kasa kunne. Idan ana lissafin kuɗi da fam da sule, akwai alamar an ƙulla ta kafin Janairun 1973, lokacin da naira da kwabo suka shigo. Idan an ambaci yawan jihohi, ɗalibi ya san an yi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Jihar Binuwai da Filato ta rayu ne daga 1967 zuwa 1976 kawai. Sunan gwamna ko shugaban ƙasa, da muƙamin da aka kira wani soja da shi, da farashin kaya, duk shaidu ne. Muryar makaɗin ma shaida ce, domin ta saurayi ba ta yi kama da ta dattijo ba. Sai dai a yi hattara, makaɗi yana iya riƙe tsohon ɗan waƙa a sabon naɗi, don haka shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Bayan wannan sai a fita waje. Tsofaffin ma'aikatan gidajen rediyo da suka yi ritaya, da tsofaffin masu sayar da kaset, da dattawan da suke ajiye da fayafayen garmaho a ƙarƙashin gado, kowannensu yana riƙe da guntun bayani, kuma kullum raguwa suke yi. Zaren da aka naɗi sauti a kansa shi ma ba ya jure zafi da laima har abada.

Kowace shekara ɗalibanmu suna rubuta kundin kammala karatu, kuma da yawansu "Jigo da Salo a Waƙoƙin Wane" suke maimaitawa, suna kwafar na bara. Da ɗalibi ɗaya zai ɗauki waƙoƙin Ɗanmaraya biyar kacal, ya nemo kowane naɗi nasu da zai iya samu, ya rubuta inda ya samo shi, da tsawonsa, da ko akwai hayaniyar taro a ciki, da abin da ya bambanta shi da ɗan'uwansa, da ya yi aikin da wani zai ɗora a kai.

Shi wancan ɗalibi nawa, bayan mun fito daga aji na ce masa ya je ya nemo wa yarinyar amsa kafin mako ya zagayo. Da ya dawo kwaleji ya same ni a ofis da waya a hannu ɗaya, tsohon kaset a ɗaya hannun, wanda ya aro a wajen wani kawunsa direba. Ya ce, "Malam, waƙar ɗaya ce, amma ta kaset ɗin ta fi tsawo, kuma akwai sunayen mutane a ciki da babu su a ta waya. Wacce zan koyar?" Na ce ya kunna musu duka biyun, ya bar su su faɗi wadda suke ganin ta riga wata, da hujjarsu.